Garin Neman Ƙiba: Abin da Ya Shiga Tsakanina da Sabuwar Babbar Manhaja

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan uwana matasa, na daɗe ina jinkirta wannan rubutu, domin ban so in ɗauki alƙalami zuciyata tana tafasa ba. Yanzu da ƙura ta ɗan lafa, na ga ya dace in ba ku labarin yadda yake, da abin da ke kaina da abin da ke kan wasu, ko Allah zai sa wani ya tsira daga ramin da na faɗa.

Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ce, ta hannu na saye ta, kuma shekara shida muna tare ba ta taɓa ba ni kunya ba. A cikinta nake shirya tambayoyin jarrabawar Islamiyyarmu, a cikinta sunayen ɗalibai da makinsu suke, a cikinta kuma Maktabatus Shamila take, wadda ta maye mini gurbin ɗakin karatun da ba mu da shi a Mandera. Amma abin da ya fi kowane daraja a wurina shi ne wata jaka da na sa wa suna "Darussan Malam". Malamin nan a zaurensa na karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, bayan sallar Asuba, tun ina saurayi. Ina rubuta fassararsa da ƙarin bayaninsa a littattafan makaranta, daga baya na shafe kusan shekara biyu ina juya su cikin kwamfuta. Duk inda na yi shakka sai in koma gare shi in karanta masa, ya ce a'a, ba haka na ce ba, ko kuma ya ce haka na ce a lokacin amma yanzu ga abin da ya fi rinjaye a wurina. Waɗannan gyare-gyaren a kwamfuta kaɗai suke. Malam ya rasu, Allah Ya jiƙansa Ya haskaka makwancinsa.

Wata ranar Alhamis, saura kwana goma jarrabawa, na shiga cikin garin Sakkwato don a canja mini wasu maɓallan rubutu da suka daina dannuwa. Yaron shagon mai ladabi ne, ba ni da abin faɗa game da halinsa. Da ya gama sai ya ce, "Malam, ai wannan da kake kai ya tsufa. Sabo ya fito, kowa shi yake sawa. In ɗora maka?" Na ce masa kayana fa? Ya ce, "Babu abin da zai taɓa su, Malam." Filash yana cikin aljihuna a lokacin, babu komai a cikinsa. Kwafe jakar nan ba zai wuce minti biyar ba. Amma rana ta yi sanyi, ina so in sami mota kafin Magariba, kuma kalmar "sabo" ta yi mini daɗi a kunne. Na ce ya ɗora.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, babbar manhaja ita ce ruhin da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Ita ke karɓar abin da ka danna, ita ke nuna maka rubutu, ita ke magana da firinta da batir da faifan ajiya, kuma duk sauran manhajoji a kanta suke zaune kamar yadda ɗaki ke zaune a kan harsashi. In ka canja ta, ka taɓa kowane abu ke nan a lokaci guda.

Daren farko na yi ta sha'awar launuka da sababbin hotuna. Da gari ya waye aka fara.

Firintar makaranta ta ƙi amsawa, domin ƙaramar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, wadda masu gyara ke kira direba, ba ta san sabuwar uwar gida ba. Batirin da ke kai ni awa uku ya koma awa ɗaya da 'yan mintuna, fanka tana ta huci kamar wanda ya yi gudun famfalaƙi, ga zafin bazara. Datar da na saya ta wata guda ta ƙare cikin kwana huɗu, don kwamfutar ta ɗauki al'adar sauko da abubuwa a ɓoye ba tare da ta yi sallama ba. Waɗannan duk na iya haƙuri da su.

Abin da ya fara taɓa ni shi ne rubutu. Na buɗe Shamila sai na tarar da sunayen littattafai sun koma alamomin tambaya, layi bayan layi. Wannan na san maganinsa, kuma bari in faɗa don amfanin masu tsohuwar Shamila. Manhajojin da aka gina a tsohon yayi suna ajiye kowane harafi da lamba ɗaya daga cikin gurabe 256, kuma kowane rukunin harsuna da jadawalinsa. Lambar da ke nufin harafin Larabci a wannan jadawali, wani abu dabam take nufi a wancan. Sai an shiga wurin saita yanki da harshe an gaya wa babbar manhaja cewa tsofaffin manhajoji da jadawalin Larabci za a karanta su, sannan a kashe a kunna. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, an yi shi ne don a ba kowane harafi na duniya lambarsa shi kaɗai a huta da wannan ruɗani, amma tsofaffin gine-gine ba su rushe ba har yau.

Na gyara wancan, sai ga na Hausa. Hanyar da nake rubuta ɓ da ɗ da ƙ ta ɓace, kuma takardun da na riga na rubuta sun cika da ƙananan akwatuna a gurbin haruffan. Tambayata ta aji uku a kan taimama ta fito da akwati a farkon kalmar "ƙasa". Wani zai ce ai sai a rubuta ba lanƙwasa, kowa zai gane. Babba zai gane. Amma yaron da ake koya wa karatu fa, wanda bai gama rarrabe baki da baƙi ba, ko kaya da ƙaya? Mun daɗe muna yi wa harshenmu wannan sakaci a waya har ya zama jiki, ni kuwa ban yarda in kai shi cikin takardar jarrabawa ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na uku, don shi bai zo da akwati ko alamar tambaya ba, lafiya lau ya fito. Yawancin yaranmu daga makarantar allo suke zuwa, da rubutun Warshu idonsu ya buɗe, inda fa'un ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Saboda haka nake buga wa ƙananan azuzuwa da wani zubin haruffa mai bin wannan ƙa'ida. Zubin ya tafi tare da tsohuwar manhaja, sabuwar kuwa ba ta ce uffan ba, sai ta musanya shi da na Gabas, inda fa'un ne ke da ɗigo ɗaya a sama. Ma'ana, duk inda na rubuta fa'un, yaron allo ƙaf zai gani. Da ban sake dubawa ba, da haka za a raba wa yara ayoyi. Daga baya ma'abota Unicode sun lura da irin rubutunmu: a 2016 sun ƙara fa'un da ƙaf da nun na Afirka, a 2020 kuma suka ƙara wasu haruffa saboda ajamin Hausa da na Wolof. To amma lamba abu ɗaya ce, samun zubin da zai zana ta a kwamfutarka wani abu ne dabam.

A daren Talata, saura kwana biyar, ina zaune ina gyara waɗannan, babu wuta tun safe, batir ya kusa ƙarewa, sai kwamfutar ta sanar da ni cewa za ta sabunta kanta. Ba ta nemi izini ba, labari ta ba ni. Rubutu ya fito cewa kada in kashe ta. Na zauna ina kallon lamba tana tafiyar hawainiya, ina lissafin nisan da ke tsakanina da shagon mai caji, har allon ya yi baƙi. Washegari da na yi caji na kunna, sai ta ce in shigar da wata doguwar lamba, mabuɗin faifan ajiya. Ashe tun ranar farko ta kulle faifan da kanta, don tsaro, ta ajiye mabuɗin a cikin wani asusu da yaron shago ya buɗe da gaggawa don ya wuce matakin da ke neman haka. Na koma Sakkwato. Ya dafe kai ya ce, "Wallahi Malam, a rana ina buɗe irinsa da yawa, ban rubuta kalmar sirrin ba." Mun gwada duk abin da ya iya tunawa har La'asar. Makullin da aka yi don ɓarawo, mai gida ya kulle a waje.

A nan zan faɗi abin da nake jin kunyarsa. Da yammacin ranar na shiga aji, wata yarinya 'yar shekara tara ta zo ba da hadda, ta yi tuntuɓe a wuri ɗaya sau biyu, sai na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa ɗalibi ba. Aji ya yi tsit. Ta koma ta zauna tana share ido da gefen hijabi. Kuma littafin da ke kan teburina a lokacin Arba'una Hadisi ne, makon da ya wuce muka karanta na 16, wanda Annabi (SAW) ya maimaita wa mai neman wasiyya hani ga fushi. Na yi musu sharhi mai tsawo a kansa, har da misalai. Washegari na kira ta gaban 'yan ajin na ce ta yafe mini, laifin ba nata ba ne. Ta ce, "Ba komai, Malam," amma ta yi kwanaki kafin ta sake ɗaga hannu.

Da hankalina ya dawo sai na shiga bincike, in ga ko ni kaɗai ne mai wannan rabo. Abin da na tarar ya daɗe yana faruwa, kuma bai bar kamfani ɗaya ba. Windows Vista ta fito kasuwa ranar 30 ga Janairun 2007, mutane suka yi ta kuka da nauyinta da ƙin jituwarta da firintoci da sauran na'urori, har da yawa suka koma wa XP. A watan Mayun 2015 aka gano cewa wani ɗan gajeren saƙo mai ɗauke da haruffan Larabci yana iya kashe wayar iPhone da zarar ya shigo. A farkon Oktoban 2018 kamfanin Microsoft ya saki sabuntawar Windows 10, cikin kwanaki kaɗan ya janye ta domin tana goge wa wasu mutane takardunsu, bai sake sakinta ba sai 13 ga Nuwamba, kuma ta bayyana cewa masu gwaji sun riga sun kai ƙorafin matsalar kafin a saki, ƙorafin ya nutse cikin dubban wasu. Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024 kuwa, sabuntawa ɗaya daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka koma takarda da biro.

Adalci ya sa in ce aikin ba ƙarami ba ne. Babbar manhaja miliyoyin layukan umarni ce, dubban mutane suka rubuta, kuma ana so ta yi aiki a kan na'urori iri-iri da babu mai iya tara su a ɗaki ɗaya ya gwada. Kuskure dole ne. Amma akwai bambanci tsakanin kuskuren da ya kuɓuce wa mai taka-tsantsan da wanda gaggawar riga abokin gasa shiga kasuwa ta haifa. Tun da intanet ta yalwata, an sami sauƙin cewa a saki yanzu a gyara daga baya, sai mai amfani ya zama shi ne ɗan gwaji ba da saninsa ba. Wannan lissafi kuma an gina shi ne a kan mutumin da wutarsa ba ta ɗaukewa, datarsa ba ta ƙarewa. Wanda ya tsara cewa kwamfuta ta ce kada a kashe ta, bai taɓa zama a Mandera cikin watan Afrilu yana kallon batir ba. Sannan ba kullum ake da zaɓin zama kan tsoho ba: ranar 14 ga Oktoban 2025 aka kawo ƙarshen tallafin da aka saba bai wa Windows 10, alhali Windows 11 tana da sharuɗɗan da da yawa daga kwamfutocin hannu da ke wurin ɗalibanmu ba su cika ba.

Mu da muka tashi tsakanin Boɗinga da Sifawa muna da wani ma'auni da za mu auna wannan da shi. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Littattafansu da hannu aka yi ta kwafarsu, kuma duk da haka suka iso mana. Sirrin shi ne muƙabala: in mai kwafa ya gama, sai ya zauna da wani, ɗaya na karanta asali ɗaya na bin kwafi, harafi da harafi, a sa alama a gefe inda aka tsaya. Wanda ya taɓa duba tsofaffin takardu irin waɗanda ke ajiye a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato zai ga gyare-gyare a gefen shafuka. Malaman hadisi sun kafa babi a kan wannan, kamar Alƙali Iyad a cikin Al-Ilma'u da Ibnus Salah a Muƙaddimarsa, kuma an ruwaito cewa Urwatu ɗan Zubairu bai ɗauki rubutun ɗansa Hishamu a matsayin rubutu ba matuƙar bai gwada shi da asali ba. Su ma suna kuskure, shi ya sa mai kwafa kan rufe da roƙon wanda ya ga aibi ya gyara. Sai dai roƙon yana zuwa ne bayan an yi muƙabala.

Sai kuma na koma babin ciniki, wanda yana cikin abin da ya salwanta, na karanta shi a bugaggen littafi. Shari'a ta ba mai saye damar mayar da kaya in ya tarar da tsohon aibin da ba a bayyana masa ba, kuma labarin mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama sananne ne a Sahihu Muslim. Malamanmu na Malikiyya sun ƙuntata ƙofar sayarwa bisa sharaɗin kuɓuta daga aibi ƙwarai, kuma ko inda suka yarda da shi, ba ya amfanar wanda ya san aibin ya yi shiru. Doguwar yarjejeniyar nan da muke danna "na yarda" ba mu karanta ba, yawancinta irin wannan sharaɗi ne: ka karɓa yadda yake, in ya ɓata maka abu babu ruwanmu. Ba fatawa nake bayarwa ba, domin manhaja izinin amfani ake ba ka, kuma wannan mas'ala ce ta manya. Ina dai cewa wanda ya karanta fiƙihu ba zai ga wannan yarjejeniya ya ji daɗinta ba.

Ina cikin wannan zafin hujja sai wata tambaya ta tsaya mini a wuya: ni nawa na biya, kuma wa na biya? Kuɗin aiki na ba yaron shago. Ban tambaye shi daga ina kwafin ya fito ba, kuma in na faɗi gaskiya, ban tambaya ba ne don ba na son jin amsar. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ke karewa. Na san akwai masu sassauci saboda talauci da tsadar kayan, na san kuma akwai manyan manhajoji na kyauta irin dangin Linux waɗanda babu wannan shubuha a kansu. Amma mai neman a mayar masa da kaya saboda aibi, ya kamata ya fara tabbatar da cewa ya saya. Wannan bai wanke masu gaggawar saki ba, domin waɗanda suka biya kuɗinsu cif su ma an goge musu takardu a 2018. Ni dai ya rage mini tsawon harshe.

Jarrabawa an yi ta. Wasu tambayoyin na samo su daga WhatsApp inda na taɓa tura wa abokan aiki, sauran na rubuta da hannu aka kai Boɗinga aka yi hoto. Makin zangon baya yana cikin rajistar shugaban makaranta, wanda na sha yi wa dariya a zuci kan ƙin rabuwa da takarda.

Darussan Malam kuwa, akwai kwafi ɗaya da na taɓa bugawa, daga farko zuwa ƙarshen babin Hajji. Sauran sai na tafi wurin Inna, na buɗe akwatin ƙarfen da na bar littattafaina na dā. Ta tsaya a kaina tana kallo, da na ba ta labari ta ce, "Shi tsohon da kac ce ya tsuhwa, mi yay yi ma?" Ban sami amsa ba. Kada kuma wani ya ɗauka takarda ta fita kunya: gara ta shiga akwatin ta ƙasa, ta cinye kusan rabin littafi na huɗu, daga tsakiyar babin ciniki, ta kuma taɓa na ƙarshe inda rabon gado yake. Abin da ya tsira ma fassarar farko ce, babu gyare-gyaren da Malam ya yi mini a ƙarshen rayuwarsa. Wasu ina tuna su. Wasu ina tuna cewa ya gyara, amma na kasa tuna zuwa me, kuma ba zan sa masa magana a baki ba.

Yanzu kwamfutar ta dawo aiki, an share ta an sake zubi. Mabuɗin faifan na rubuta shi da hannuna a bangon wani littafi, sabuntawa kuma na saita ta yadda ba za ta ci data ba sai na ga dama, duk daren Juma'a ina kwafe aikina a filash biyu, ɗaya a gida ɗaya a makaranta. Akwai wani abokin karatuna a wajen Shagari da muka zauna zauren tare, ya ce nasa littattafan suna nan, ko da yake shi ba ya rubuta ƙarin bayani sosai. Mun yi alkawarin haɗuwa duk Alhamis, shi yana karanta nasa ina bin nawa. Mun fara makon jiya, mun yi shafi goma sha ɗaya. Inda nasa da nawa duka suka yi shiru, ina barin fili in rubuta a gefe cewa a nan akwai giɓi a asali, kamar yadda masu kwafa na dā suke yi. Zuwa yanzu filayen sun kai bakwai.

Allah Ya gafarta wa Malam, Ya saka masa da Aljanna.